Zumunta a ƙafa take, amma iyaka takarda take tambaya

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an shigar da hatsi rumbu, sai tashoshin mota na Tawa, da Maraɗi, da Damagaram su cika da samari da magidanta masu tafiya bida. Wasu Kano ko Legas suka nufa, wasu Abijan, wasu Kumasi ko Akara, wasu kuwa Aljeriya ko Libiya. Da yawansu sukan komo gida da faɗuwar ruwa. Amma akwai waɗanda sana'a ko karatu ko aikin albashi yakan riƙe su shekara biyu, ko uku, ko fiye. Irin waɗannan, idan kewar gida ta yi yawa kuma dawowa ba ta yiwu ba, sai su aiko da kuɗin mota su ce iyali su zo.

A nan ne wahala takan soma. Mace ta sayar da akuya ta yi tsaraba, ta goya yaro, ta yi sallama da dangi, ta kwana bisa hanya. Sai an kai bakin iyaka a sauke ta daga mota saboda takarda guda da ba ta riƙe ba, mota ta wuce da sauran mutane. Kuɗin mota ya tafi, guzuri ya ƙare, miji na can yana jira a tasha. Wannan ba abin da ya shafi mata kaɗai ba ne. Ya shafi mijin da matarsa ke karatu a waje, ya shafi saurayin da aka sa wa rana da yarinyar da iyayenta ke zaune wata ƙasa. Ma'aikacin iyaka ba ya ganin abin da ke cikin zuciya. Abin da ke cikin hannu shi yake dubawa.

Takardun tushe

Takardun tafiya kamar ginin ɗaki suke, kowace na zaune bisa wata. Ta ƙasa duka ita ce takardar haifuwa. Da ita ake zuwa gidan shari'a a nemi takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Da waɗannan ake samun katin ɗan ƙasa a wurin ƴan sanda, da su kuma ake neman fasfo. Wanda bai da ta farko ba zai kai ga ta ƙarshe ba, komai gaggawarsa.

Dokar da ta tsara rajistar haifuwa da aure da mutuwa a Nijar ita ce doka mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019. Ta ba da kwana 60 domin a je a sanar da hukuma. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, sai ya bi ta wurin alƙali, ya kawo shaidu, a yi masa hukuncin da zai maye gurbin takardar. Wannan yana cin lokaci. Saboda haka matar da ke da niyyar tafiya da rani, tun da damina ya kamata ta soma bin takardunta. Lokaci lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zama na musamman domin masu neman irin wannan hukunci. Duk garin da aka ji labarin zuwansu, bai kamata a yi sakaci ba.

Takarda ta biyu da mutane suka fi mantawa da ita ita ce ta aure. A wurin jama'a, idan an ɗaura aure gaban liman da waliyyai da shaidu, an raba goro, magana ta ƙare. Aure ya ɗauru, ba mai musu. Amma ofishin jakadancin wata ƙasa bai halarci ɗaurin auren ba, bai san liman ba. Abin da ya sani shi ne takardar da ta fito daga ma'aikatar magajin gari, mai hatimi da sa hannu. Duk inda ake neman biza da sunan ziyarar miji ko mata, wannan takarda ita ce shaida. Rubuta aure wurin hukuma ba ya canza komai ga auren, yana dai ba shi bakin magana a inda ba a san ma'auratan ba.

Akwai kuma wani ƙaramin abu mai jawo babbar ɓarna, wato rubutun suna. Mace ɗaya sai a tarar an rubuta ta Hadiza a takardar haifuwa, Hadijatu a katin ɗan ƙasa, wani abu dabam kuma a takardar aure. Ko a sa shekarar haifuwa ta bambanta tsakanin takarda da takarda. A gida kowa ya san mutum ɗaya ce. A gaban ma'aikacin da bai jin Hausa kuwa, mutum uku ne. Ya kamata a shimfiɗa takardun duka wuri ɗaya, a karanta su harafi bayan harafi, inda aka ga saɓani a gyara tun ana gida.

Karnen allurar shawara

Bayan takardun suna, sai takardar lafiya. Nijeriya, da Gana, da Kodibuwar, da ƙasashe da yawa na yankin nan suna neman shaidar allurar rigakafin ciwon shawara daga duk mai shigowa da ya kai wata 9 da haifuwa. Shaidar ita ce ɗan littafin nan mai launin rawaya da ake kira karne, wanda gidajen likitan da hukuma ta amince da su ke bayarwa.

Abu biyu ya kamata a riƙe game da shi. Na farko, ba ya soma aiki sai bayan kwana 10 da yin allura. Wadda aka yi wa allura yau ta shiga mota gobe, karnenta bai nuna ba tukuna, kuma ana iya mayar da ita. Na biyu, a da shekara 10 yake yi ya mutu, amma tun ranar 11 ga Yuli 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da cewa allura ɗaya ta isa har iyakar rayuwa. Saboda haka mai tsohon karne ba ta da bukatar sake allura, sai dai ta adana shi kamar yadda take adana zinariyarta. Mai ciki da mai shayar da jariri su fara ganin likita, shi zai faɗi abin da ya dace, kuma yana iya rubuta takardar uzuri.

A kusa da wasu tashoshi akan sami masu sayar da karne ba tare da allura ba. Mai sayen irin wannan ta yi hasara biyu: ta riƙe takardar jabu wadda za ta iya kai ta gaban shari'a, kuma ta shiga ƙasar da cutar take ba tare da kariya ba, ita da ɗanta.

Idan da yara

Yaro ma matafiyi ne, kuma shi ma ana tambayar takardarsa. Sai a riƙe takardar haifuwar kowane yaro da karnensa. Tun da uban yana waje, ya kamata ya aiko da rubutaccen izini wanda hukuma ta sa wa hatimi, mai nuna ya yarda a fita da ƴaƴansa, da sunan kowane da sunan mai rakiyarsu. Ma'aikatan iyaka suna tsananta bincike a kan yara saboda yaƙi da masu safararsu. Matar da ta ɗauko ɗan ƴar'uwarta ko ɗan kishiyarta domin ya taya ta hanya, ba tare da izinin iyayensa a rubuce ba, tana iya samun kanta cikin tuhumar da ba ta taɓa zato ba.

Ƙasashen Afirka ta Yamma

An kafa ƙungiyar CEDEAO a Legas ranar 28 ga Mayu 1975. A ranar 29 ga Mayu 1979, a Dakar, shugabanninta suka sa hannu ga yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga sauran ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai rai da karnen allura. Wanda zai wuce kwana 90 sai ya nemi ƙarin wa'adi ko katin zama daga hukumar shige da fice ta ƙasar da yake.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, ranar 16 ga Satumba 2023. Sun ba da sanarwar fita daga CEDEAO ranar 28 ga Janairu 2024, fitar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A wannan rana ce aka soma fitar da fasfo mai tambarin AES. Mutane da yawa sun ɗauka daga nan tsofaffin takardu sun mutu, ko kuwa sai da biza za a shiga Kano. Ba haka abin ya kasance ba. A ranar fitar, CEDEAO ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katunan ƴan ƙasashen uku masu tambarinta, su kuma bar su suna shiga ba biza, har sai an ba da wata sanarwa. Tun a watan Disamba 2024 ƙasashen AES su ma suka bayyana cewa ƴan CEDEAO za su shigo musu ba biza. Ban da wannan, akwai ƙungiyar UEMOA da aka kafa a 1994, mai ƙasashe 8 masu amfani da kuɗin CFA, wadda yarjejeniyarta ita ma ta tanadi walwalar jama'a. Nijar da Kodibuwar da Togo da Benin da Senegal duk suna cikinta.

Kalmar nan ta «har sai an ba da wata sanarwa» ita ce abin lura. Abin da aka bari na ɗan lokaci yana iya canzawa. Don haka kafin a sayi tikiti sai a tambayi ƴan sandan garinsu, mijin kuma ya tambayi ofishin jakadancin Nijar na inda yake. A hanyar mota tsakanin ƙasashen UEMOA katin ɗan ƙasa yakan wadatar. Nijeriya da Gana ba su cikin wannan ƙungiya, kuma ga mai zuwa can, ko mai shiga jirgin sama, fasfo shi ne abin dogaro. A kuma duba ranar mutuwarsa, domin ƙasashe da yawa ba su karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata 6.

Wasu sukan ce, Maraɗi da Katsina ai gida ɗaya ne, harshe ɗaya, dangi ɗaya, mene ne amfanin takarda? Tarihi ya ba da amsa. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fita. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya, fiye da mutum miliyan ɗaya suka kama hanya, cikinsu har da ƴan Nijar masu yawa. Ranar da ake zaman lafiya ba mai tambayar kowa. Ranar da al'amari ya juya, mai takarda ne kaɗai ke da abin nunawa.

Ƙofar da za a bi

Iyakar Nijar da Nijeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, amma ƙofofinta na hukuma ƙididdigaggu ne. Mai fitowa daga Maraɗi yakan bi ta Ɗan Isa ya shiga Jibiya. Na Tawa ya bi ta Birnin Ƙonni ya shiga Illela. Na Damagaram ya bi ta Matamai ya faɗa Kwangwalam ta wajen Daura, ko ya bi ta Magarya, ko ya ɓullo Maigatari. Na Doso kuwa ya bi ta Gaya zuwa Kamba.

Ƙofa kuma ba kullum take buɗe ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta 2019. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai a Afrilu 2022. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 an sake rufewa, ba a buɗe ba sai a watan Maris 2024. Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta kasance a rufe ta gefen Nijar duk tsawon shekarar 2024, matafiya suka koma ƙetare kogin Isa da jiragen ruwa. Mai nufin Kotonu ko Lome ko Akara ko Abijan, lalle ta binciki halin da hanya take ciki a makon da za ta tashi, ba abin da wata ta ba ta labari bara ba.

Duk lokacin da ƙofa ta rufe, ko takarda ta gaza, sai masu babura su fito da tayin ɓarauniyar hanya. Tana da sauri, amma wadda ta bi ta ba ta da hatimin shiga. A idon doka ba ta shigo ba, kuma duk shingen da aka tsai da ita cikin ƙasar sai ta yi bayani. Ga shi kuma dazuzzukan iyaka, musamman tsakanin jihar Maraɗi da Katsina da Zamfara da Sakkwato, sun yi fama da ƴan bindiga masu satar mutane. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Hanyar arewa

Aljeriya ba ta cikin ko ɗaya daga ƙungiyoyin da aka ambata. Ɗan Nijar mai son shiga can sai da fasfo da biza daga ofishin jakadancinta. Wanda aka kama ba takarda ana mayar da shi, kuma an sha sauke mutane a wani wuri cikin hamada mai nisan kimanin kilomita 15 daga Asamaka, su ƙarasa da ƙafa.

Jama'ar ƙasa ba su manta da abin da ya faru a watan Oktoba 2013 ba. Motocin da suka ɗauko mutane daga Arlit suka bi ta bayan ƙofar hukuma, suka lalace cikin rairayi. Aka tsinci gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga yankin Kance suka fito. Ƙishirwa ta kashe su, ƙasa ta yi zaman makoki na kwana 3. Mijin da shi kansa yake zaune can ba takarda, bai kamata ya kira iyalinsa su bi wannan hanya ba. Idan kewa ta yi yawa, shi ya komo.

Saudiyya da Turai

A Saudiyya akwai bizar ziyarar iyali. Mijin da ke da katin zama na halal shi ne ke nemanta daga can, kuma ana ba da ita ga dangi na kusa, kamar mata da ƴaƴa da iyaye. Budurwar da aka sa wa rana ba ta cikin wannan sahu. Bizar ziyara kuma ba ta halatta aikin Hajji, wanda ke da tasa biza dabam.

Faransa ta ɗora wa ƴan ƙasashen Afirka biza tun a watan Satumba 1986. Yau tana cikin rukunin ƙasashe 29 na Turai da ake kira Shengen, masu biza guda. Bizar ziyara ba ta wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ana neman fasfon da aka yi cikin shekara 10 da suka wuce, mai shafi biyu babu rubutu, wanda zai ƙara wata 3 a raye bayan ranar komowa. Ana neman inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin Yuro 30,000, kusan miliyan 20 na CFA. Idan a gidan miji za a sauka, shi zai je ma'aikatar magajin garin da yake, ya nuna shaidar gida da ta abin da yake samu, ya biya harajin Yuro 30, a ba shi takardar masauki, ya aiko da ta asali. Kuɗin biza tun Yuni 2024 Yuro 90 ne, wato kimanin jika 59, kuma ba a mayarwa idan an hana. Ana iya ajiye takardu wata 6 kafin tafiya, amma kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15. Mai nema da kanta za ta je, domin ana ɗaukar zanen yatsu. Ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai an rufe shi a watan Janairu 2024, saboda haka tun farko sai mijin ya binciko inda za a karɓi takardun, a lissafa kuɗin wannan tafiya cikin guzuri.

Abin da ma'aikacin biza ya fi dubawa shi ne ko mai nema za ta komo. Shaidar aiki, ko ta kasuwanci, ko ta karatu, ko ƴaƴan da aka bari a lakwal, duk suna taimakawa. Gaskiya kuma ta fi dabara. Wadda ta ce yawon buɗe ido za ta, alhali wurin miji ta nufa, idan magana ta saɓa da takarda an hana ta, kuma abin zai bi ta a neman gaba. Mai niyyar tarewa ɗungum ba bizar ziyara za ta nema ba. Akwai hanyar haɗa iyali, wadda miji ke buɗewa bayan ya yi wata 18 yana zaune bisa doka.

Nauyin da ke kan kowa

Rabin aikin nan na mijin ne. Shi zai yi rajista a ofishin jakadancin Nijar, a Abuja ko Abijan ko Akara, ko a ƙaramin ofishin da ke Kano, ya karɓi katin ofishin. Shi zai aiko da cikakken adireshi a rubuce, da sunan unguwa, da lambar salula biyu. A iyaka akan tambayi mace: «Malama, ina za ki, wurin wa, kwana nawa?» Amsar «wurin maigidana» ba ta isa ba idan ba ta san sunan unguwar ba. Ita kuma ta yi fotokopin kowace takarda, ta bar ɗaya a gida, ta ɗauki hotonsu a salula, ta asali kuma ta ajiye a jikinta ba cikin kayan da ke bisa mota ba. Kada ta ba ɗan kamasho fasfonta. Kada ta karɓi saƙon da ba ta ga cikinsa ba. Idan an nemi kuɗi a shinge, tana da ikon ta tambayi dalili cikin ladabi, ta nemi takardar shaidar biya. Ta kuma ƙidaya kwanakinta tun daga ranar da aka buga hatimi.

Ma'aikatan hukuma su ma suna da nasu. Bayani ɗaya da aka yi wa mutum cikin harshensa, a faɗa masa duk abin da zai kawo a zuwa guda, yana rage masa tafiya uku daga ƙauye. Hakimai da masu gari da limamai suna iya tunatar da jama'a rubuta aure tun ranar ɗaurinsa. Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci kuwa, ga wurin da karatunsu zai yi rana: su karanta wa maƙwabta takardunsu, su duba musu suna da ranar mutuwar kati, su rubuta musu adireshi.

Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai kowane matafiyi lafiya, ya sada shi da nasa, ya maido shi gida lafiya.